Donald Keene: Jami'in sojan ruwan Amurka da ya rasu yana ɗan ƙasar Japan, da gardamar da ake yi kan aikinsa

Ranar 24 ga Fabrairu, 2019, Donald Keene ya rasu a birnin Tokyo yana da shekara 96. Jaridu da gidajen talabijin na Japan sun ba da labarin rasuwar yadda suke ba da ta manyan marubutansu. Amma ga wanda ya ji labarin daga nesa, akwai abubuwan da ke da wuyar haɗawa. Mutumin haifaffen Brooklyn ne a birnin New York. Ya ƙware a Japananci ne a makarantar sojan ruwan Amurka, a daidai lokacin da ƙasashen biyu ke gwabza yaƙi a tekun Fasifik. Duk da haka ya mutu yana ɗan ƙasar Japan, bayan ya ajiye takardarsa ta Amurka, kuma kabarinsa yana wani wurin ibadar mabiya Buddha a unguwar da ya zauna a arewacin Tokyo.

Ruɗanin bai tsaya nan ba. Wasu na kiransa gadar da adabin Japan ya bi ya isa duniya. Wasu malaman jami'a kuma na ganin shi da tsararrakinsa sun nuna wa duniya Japan ɗin da ta dace da siyasar Amurka ta lokacin yaƙin cacar baka. Kafin a auna waɗannan maganganu, sai an san fannin da ya yi aiki a ciki, da yadda aka yi fannin ya kafu.

Mene ne nazarin Japan?

Nazarin Japan fanni ne na jami'a da ya ƙunshi harshen ƙasar da adabinta da tarihinta da addinanta da siyasarta, kuma galibi a wajen Japan ake yin sa, domin mutanen da ba su jin harshen. Japanawa na da nasu fannin na cikin gida da suke kira kokubungaku, wato nazarin adabin ƙasa. Malamin cikin gida yana iya ƙare rayuwarsa a kan marubuci guda ko zamani guda, domin ɗalibansa sun riga sun san sauran. Malamin waje kuwa daga tushe yake farawa da mutanen da ba su san komai ba. Shi ya sa fassara ta zama ƙashin bayan aikinsa, kuma shi ya sa zaɓen abin da za a fassara ya zama iko babba a hannunsa.

Fannin ya girmi Keene nesa ba kusa ba. Daga wajen 1640 Japan ta rufe ƙofarta ga Turawa in ban da 'yan kasuwar Holan, waɗanda aka killace a wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a Nagasaki. Likitocin da ke yi musu aiki, irin su Bajamushe Engelbert Kaempfer da ya zauna can daga 1690 zuwa 1692, su ne suka riƙa rubuta wa Turai bayanin ƙasar a wannan zamani. Bayan da jiragen yaƙin Amurka suka tilasta buɗe ƙasar a 1853 da 1854, sai ma'aikatan jakadancin Ingila suka karɓi aikin. Ɗaya daga cikinsu, W. G. Aston, ya fitar da tarihin adabin Japan da Ingilishi a 1899. Sai Arthur Waley, ma'aikacin gidan adana kayan tarihi na Landan, wanda ya koya wa kansa harshen, ya fassara shahararren tsohon labarin nan na Japan, Genji Monogatari, tsakanin 1925 da 1933, alhali bai taɓa taka ƙasar Japan ba har ya mutu.

Akwai kalma ta biyu da za ta riƙa dawowa, wato nazarin yanki. Tsari ne da ya bunƙasa a jami'o'in Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda gwamnati da manyan gidauniyoyi irin su Ford da Rockefeller suka zuba kuɗi domin a samu masana kan Rasha da Sin da Japan da Gabas ta Tsakiya da Afirka. A 1958 majalisar Amurka ta yi dokar ilimi da ke ɗauke da kalmar tsaron ƙasa a sunanta, ta ware kuɗi domin koyar da harsunan waje. A kan wannan alaƙa tsakanin ilimi da buƙatar gwamnati ne yawancin gardamar ke tsaye.

Daga littafin senti 49 zuwa fagen daga

Keene, wanda aka haifa ranar 18 ga Yuni, 1922, ya shiga Jami'ar Columbia yana ɗan shekara 16. A 1940, lokacin da sojojin Jamus ke mamaye Turai, ya ci karo da fassarar Waley ta Genji a wani shagon littattafai masu rahusa, mujalladi biyu a kan senti 49. Labari ne mai babi 54 da wata mata ta fadar sarki, Murasaki Shikibu, ta rubuta kimanin shekara dubu da suka wuce. Keene ya sha faɗin cewa abin da ya ja shi shi ne ya sami duniyar da jaruminta ba mayaƙi ba ne, a lokacin da jarida ba ta kawo komai sai labarin yaƙi. A shekara ta gaba ya yi rajistar darasin tarihin tunanin Japanawa, sai ya tarar shi kaɗai ne ɗalibi. Malamin, Tsunoda Ryusaku, bai soke darasin ba, ya ce ɗalibi ɗaya ya isa.

Harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941 ya sauya komai. Sojan ruwan Amurka ya wayi gari yana yaƙi da mutanen da jami'ansa ƙalilan ne ke iya karanta rubutunsu. Akwai Amurkawa 'yan asalin Japan da ke jin harshen, amma rundunar ruwa ba ta yarda ta ba su aikin ba. Sai ta tattaro ɗalibai masu kaifin kai ta sa su a makarantar harshe a Berkeley, Keene na cikinsu. Malaman kuwa yawancinsu 'yan asalin Japan ne, kuma a Fabrairun 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarnin da ya kai ga kwashe mutum kimanin 120,000 'yan asalin Japan daga gaɓar yammacin ƙasar zuwa sansanoni. Dole aka ɗauke makarantar aka mai da ita Boulder a jihar Colorado. Cikin wata 11 aka yaye ɗaliban.

Aikinsa na farko a Hawaii shi ne fassara takardun da aka ƙwato a fagen daga: jerin kayan aiki, rahoton lafiyar sojoji, da makamantansu. Wata rana ya lura da wani akwati da abokan aikinsa ke gudu saboda wari. Cike yake da ƙananan littattafai, wasu da busasshen jini a jikinsu. Dayari ne, wato littattafan da mutum ke rubuta abin da ya faru da shi kullum, na sojojin Japan da aka kashe, da yawa daga tsibirin Guadalcanal. Rundunar Amurka ta hana sojojinta rubuta dayari don kada abokan gaba su sami sirri, amma ta Japan raba wa nata take yi, manyansu kuma su duba abin da suka rubuta. Shafukan farko cike suke da kirarin kishin ƙasa. Da yunwa da zazzaɓin cizon sauro suka ci ƙarfinsu, kuma babu mai dubawa, sai rubutun ya koma na mutum mai tuna gida. Wasu sukan rubuta da Ingilishi a shafin ƙarshe, suna roƙon sojan Amurka da ya tsinci littafin ya aika wa iyalinsu. Keene ya ɓoye irin waɗannan a teburinsa da niyyar cika roƙon bayan yaƙi, amma aka gano aka ƙwace. Daga baya ya ce waɗannan matattu su ne Japanawan farko da ya san su ciki da bai.

A Mayun 1943 yana tsibirin Attu na Alaska, inda rundunar Japan mai mutum fiye da 2,000 ta ƙare kusan gaba ɗaya, ƙasa da 30 aka kama da rai, da yawa kuma suka manna gurneti a ƙirjinsu suka kashe kansu. A 1945 yana Okinawa a matsayin tafinta. A tsakani, a sansanin fursunoni na Hawaii, ya taɓa kawo garmaho ya sa wa fursunonin faifan kiɗan Beethoven a ɗakin wanka, domin a nan ne sauti ya fi fita.

Wannan tarihi ba nasa ba ne shi kaɗai. Edward Seidensticker, wanda daga baya ya fassara littattafan manyan marubutan Japan Kawabata da Tanizaki, daga makarantar Boulder ya fito. Ruth Benedict kuwa, wadda littafinta na 1946 kan ɗabi'un Japanawa ya yi tasiri ƙwarai, ofishin yaɗa labaran yaƙi na Amurka ne ya sa ta binciken, kuma ba ta taɓa zuwa Japan ba. Ke nan tsarar da ta kafa nazarin Japan na zamani a Amurka, yaƙi ne ya yaye ta.

Shekarun da aka yi zaɓe

Bayan yaƙi Keene ya koma Columbia, ya wuce Harvard, sannan Cambridge a Ingila daga 1948, inda ya koyar kuma ya san Waley ido da ido. Digirinsa na uku a kan wani wasan 'yan tsana ne na Chikamatsu, marubucin da ya rasu a 1725. A 1953, shekara guda bayan ƙarshen mamayar da Amurka ta yi wa Japan, ya sami tallafin gidauniyar Ford ya tafi Kyoto na shekara biyu. A gidan da ya sauka ya haɗu da Nagai Michio, wanda daga baya ya zama ministan ilimi. Nagai ya haɗa shi da Shimanaka Hoji, shugaban kamfanin ɗab'i na Chuo Koron, shi kuma ya buɗe masa ƙofofin marubutan da ke raye: Tanizaki Jun'ichiro, Kawabata Yasunari, Mishima Yukio. Ya kuma zauna gaban malami ya koyi kyogen, wasan barkwanci na gargajiya, har ya hau dandali a 1956 waɗannan marubuta na cikin 'yan kallo.

A 1955 ya fitar da kundin zaɓaɓɓun rubuce-rubucen Japan daga zamanin da har tsakiyar ƙarni na 19, a 1956 ya biyo da na zamani. Shekaru da dama waɗannan littattafai biyu su ne ɗalibin Ingilishi ke fara buɗewa idan zai karanta adabin Japan. A daidai wannan lokaci wani edita a kamfanin Knopf na New York, Harold Strauss, wanda shi ma ya yi aikin soja a Japan lokacin mamaya, ya fara jerin fassarar ƙagaggun labaran Japan. Masu fassarar ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, sun san juna, kuma shawararsu ake nema kan wanda za a buga. Sunaye uku suka fi fitowa: Tanizaki, Kawabata, Mishima.

Keene ya koyar a Columbia daga 1955 har laccarsa ta ƙarshe a Afrilun 2011. Babban aikinsa shi ne tarihin adabin Japan baki ɗaya, mujalladi huɗu da suka fito a 1976 da 1984 da 1993, waɗanda suka zama mujalladi 18 a fassarar Japananci. Ya rubuta nazarin dayarin Japanawa na tsawon shekara dubu, wanda jaridar Asahi ta buga kashi-kashi a farkon shekarun 1980, da tarihin Sarki Meiji mai shafi fiye da 900 a 2002. Japan ta ba shi lambar girma ta al'adu mafi daraja a 2008.

Batun kyautar Nobel

Inda ikon mai fassara ya fi fitowa fili shi ne a kyautar Nobel. Alƙalan Suwidin ba su jin Japananci, don haka abin da aka fassara kaɗai suke iya aunawa. Takardun kwamitin sukan zauna a rufe shekara 50, kuma da aka buɗe na 1963 an ga cewa an nemi ra'ayin Keene da Seidensticker kan marubutan Japan da ake dubawa. Keene ya sa Tanizaki a gaba, sai Kawabata, sai Mishima. Ya yi hakan ne duk da yana ganin Mishima a sahun gaba wajen baiwa, domin a lissafinsa Japanawa ba za su ji daɗin a tsallake dattawa a ba matashi ba. Tanizaki ya rasu a 1965. Kawabata ya karɓi kyautar a 1968, Bajapane na farko a fannin adabi. Ranar 25 ga Nuwamba, 1970 Mishima ya kashe kansa a wani barikin soja a Tokyo bayan ya kasa tunzura sojoji su yi bore, kuma cikin wasiƙun ƙarshe da ya bari akwai ta Keene. Ba a iya cewa ra'ayin Keene ne ya yanke hukuncin, domin kwamitin ya saurari wasu. Abin da takardun suka tabbatar shi ne baƙi biyu daga makarantar soja guda suna cikin waɗanda aka tambaya wa zai wakilci adabin ƙasa sukutum.

Masu suka da masu kare shi

Sukar ta yi ƙarfi ne bayan littafin Edward Said na 1978, wanda ya yi bayanin yadda ilimin Turawa kan Gabas ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da mulkinsu. A fagen Japan, malamai irin su Masao Miyoshi da Harry Harootunian sun ce nazarin yanki ya tashi da manufar gwamnati a jikinsa. Suna nuni da yadda masana tarihi na shekarun 1960 suka gabatar da Japan a matsayin ƙasar da ta ci gaba ba tare da juyin gurguzu ba, abin koyi ga ƙasashe masu tasowa, kuma ɗaya daga cikin jagororin wannan ra'ayi, Edwin Reischauer na Harvard, shi ne jakadan Amurka a Tokyo daga 1961 zuwa 1966. A 1992 Edward Fowler ya kawo wannan suka kan fassara kai tsaye. Hujjarsa ita ce littattafan da aka zaɓa a shekarun 1950 da 1960 sun fi karkata ga Japan mai laushi da begen da, ta bikin shayi da dusar ƙanƙara da matan geisha. Wannan hoto ya taimaka wajen mai da abokiyar gabar jiya ta zama ƙawa mai ban sha'awa, ya kuma danne labaran ma'aikata da na barkwanci da na mata da na tsiraru.

Masu kare shi suna da amsa iri biyu. Ta farko, a duba abin da Keene ya fassara da hannunsa. Littattafan Dazai Osamu biyu da ya fitar a 1956 da 1958 labarin rushewar gida ne da shaye-shaye da yanke ƙauna, babu abin tallata ƙasa a cikinsu. Ya fassara wasannin Abe Kobo, wanda ya taɓa zama ɗan jam'iyyar gurguzu. Kundinsa na 1956 na ɗauke da wani yanki na labarin Kobayashi Takiji kan ma'aikatan jirgin kamun ƙaguwa, marubucin da 'yan sanda suka azabtar har ya mutu a 1933, da kuma rubutun mata irin su Higuchi Ichiyo da Hayashi Fumiko. A 2003 ya fassara labarin yaƙi na Oda Makoto, jagoran masu adawa da yaƙin Biyetnam. Amsa ta biyu ita ce kafin wannan tsara kusan babu abin karantawa, kuma masu sukar kansu ta waɗannan littattafai da yawansu suka shigo fannin.

Akwai kuma ɓangaren da sukar kan tsallake. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: hoton Japan mai kyau da natsuwa ba baƙi kaɗai suka zana shi ba. Kawabata da kansa ya gina jawabinsa na Nobel a kan kyawun Japan da waƙoƙin malaman Zen, wata ɗariƙa ta addinin Buddha. Hukumomin ƙasar, da suka haɗa da Gidauniyar Japan da aka kafa a 1972, sun tallafa wa fassara da koyarwa a waje, kuma ƙasar da ta fito daga yaƙi tana da dalilin son a san ta da adabi maimakon da soja. Da Oe Kenzaburo ya karɓi Nobel a 1994, ya juya taken jawabin Kawabata da gangan, ya yi magana kan Japan mai fuska biyu. Wato gardamar tana nan a tsakanin Japanawa su kansu.

Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, sukar ta fi kama tsarin fiye da yadda ta kama mutumin. Gaskiya ne mutane ƙalilan, maza, masu tarihi iri ɗaya, sun riƙe ƙofar shekara ashirin ko fiye, kuma abin da suke so ya zama abin da duniya ta sani. Amma babu hujjar cewa Keene na zaɓe ne da umarnin wani. Inda za a fi kama shi shi ne a salon aikinsa: ya fi son bayyana marubuci da yaba gwanintarsa fiye da tono siyasar da ke bayan rubutu, kuma tarihinsa na Sarki Meiji ya dogara ƙwarai a kan kundin da fada ta tattara.

Takardar zama ɗan ƙasa

Ranar 11 ga Maris, 2011 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auka wa arewa maso gabashin Japan, igiyar tsunami ta biyo, mutum fiye da 18,000 suka mutu ko suka ɓace, tashar nukiliya ta Fukushima kuma ta lalace. Gwamnatin Japan ta kwashe mutane daga kilomita 20 kewaye da tashar, Amurka ta ce wa 'yan ƙasarta su nisanci kilomita 80, baƙi da yawa suka bar ƙasar. Ana cikin haka Keene, yana da shekara 88, ya ba da sanarwar zai tattara ya koma Japan ya nemi zama ɗan ƙasa. Ya isa a Satumba, aka ba shi takardar ranar 8 ga Maris, 2012.

Labarin da ya bazu shi ne girgizar ƙasar ce ta sa shi. Abin da shi ya faɗa ya ɗan bambanta: tunanin ya zo masa ne tun yana kwance a asibiti a Tokyo a farkon shekarar, girgizar ta ƙarfafa niyyar, ta kuma ba ta ma'anar tsayawa tare da mutane a lokacin wahala. Dama shekaru da yawa yana raba shekararsa tsakanin New York da Tokyo. Ajiye takardar Amurka kuwa ba ƙarin sadaukarwa ba ne da ya ƙirƙira, sharaɗi ne: dokar Japan na neman mai son zama ɗan ƙasa ya rabu da ƙasarsa ta da, baya ga sharuɗɗan zama a ƙasar da kyakkyawan hali da abin dogaro da kai.

Ba daidai ba ne a ɗauki tarbar da aka yi masa a matsayin ma'aunin yadda Japan ke karɓar baƙi. A waɗannan shekaru mutum wajen 10,000 ne ke samun takardar a shekara, mafi yawansu 'yan asalin Koriya da Sin, kuma babu mai kai musu furanni. Koriyawan da suka zauna a Japan tun lokacin da ta mulki ƙasarsu, daga 1910 zuwa 1945, an cire musu matsayin 'yan ƙasa a 1952, jikokinsu da yawa har yau baƙi ne a takarda duk da a can aka haife su, kuma sai a 2016 aka yi dokar da ta yi tir da kalaman ƙiyayya a kansu. Shi kansa Keene bai ɗauki sabon matsayin a matsayin dalilin yin shiru ba. A rubuce-rubucensa na jarida ya kare sashe na 9 na tsarin mulki, wanda ya haramta wa Japan yaƙi, ya kuma koka cewa ɗokin wasannin Olamfik na Tokyo na sa a manta da waɗanda tsunami ya raba da gidajensu.

Abin da ya shafi mutanen gari

Wanda abin ya fi shafa shi ne mai karatu. Duk wanda ba ya jin Japananci, ko a Landan yake ko a Kano, abin da ya sani na adabin ƙasar ya biyo ta hannun wani ne, kuma galibi ta Ingilishi ko Faransanci. Idan ya karanta littafi biyu ya ce haka Japanawa suke, to yana maimaita zaɓen da wasu suka yi ne shekara sittin ko saba'in da suka wuce. Amfanin sanin tarihin Keene a nan shi ne mai karatu ya riƙa duba sunan mai fassara da shekarar fassarar, ya kuma tambayi abin da aka bari a baya.

A cikin Japan kuwa, aikin baƙon malami kan dawo wa mutane da abin da ya ɓace musu. Garin Kashiwazaki a lardin Niigata misali ne. Akwai wani tsohon wasan 'yan tsana da labarinsa ya shafi yankin, wanda aka buga a 1685, ya ɓace a Japan, sai a 1962 wani malami Bajapane ya gano kwafinsa a gidan adana kayan tarihi na Landan, kuma ana kyautata zaton Kaempfer ne ya fita da shi. Bayan girgizar ƙasa ta auka wa garin a 2007, Keene ya ba da shawarar a farfaɗo da wasan domin ƙarfafa wa mutane gwiwa. An yi shi a 2009, karo na farko cikin kimanin shekara 300. Makaɗin shamisen, abin kiɗa mai tsirkiya uku, da ya rera wasan shi ne Keene ya ɗauka a matsayin ɗa a hukumance a 2012, aka kuma buɗe cibiya da sunan Keene a garin a 2013.

Ga ɗalibi, hanyar shiga fannin ta canza gaba ɗaya. Ƙidayar Gidauniyar Japan ta 2021 ta nuna mutum kusan miliyan 3.8 ke koyon Japananci a makarantu a wajen ƙasar, mafi yawansu a Asiya, kuma da yawa zanen manga da finafinan anime ne suka ja su, ko neman aiki. Gwamnatin Japan na ba da guraben karatu ta ofisoshin jakadancinta, har da rukuni na musamman ga masu nazarin harshe da al'adun ƙasar. Sai dai jami'o'in yau ƙwararre a ƙaramin fage suke nema, don haka da wuya a sake samun mutum guda da zai rubuta tarihin adabin ƙasar daga farko har ƙarshe. Masu sukar tsohon tsari na ganin hakan ci gaba ne, tunda muryoyi sun yawaita. Masu kewarsa na cewa an rasa wanda zai yi wa mai karatu na gari magana da harshen da zai gane.

Ikon zaɓen ma ya bar hannun malaman jami'a, ya koma ga wakilan marubuta da kamfanonin ɗab'i da masu karatu a intanet. Murakami Haruki ya yi suna a duniya daga shekarun 1990 ta hanyar kasuwa, kuma a 'yan shekarun nan littattafan mata irin su Murata Sayaka da Kawakami Mieko ne ke kan gaba a fassara, da yawa daga hannun mata masu fassara. A cikin ayyukan Keene kansa, wanda matasa suka fi nema a kwanan nan shi ne Ningen Shikkaku na Dazai, fassarar 1958, bayan masu bitar littattafai a TikTok da masu kallon anime sun yayata shi a tsakaninsu.